Gwajin hannu, filet mai launi, API ko inji: wanne ya dace da ƙaramin lab wajen gane bakteriya?

Wani ƙanena a aiki, wanda muka zauna benci ɗaya lokacin yana intanshif, ya kira ni da daddare yace Yaya, kawuna ya yarda zai zuba kuɗi mu buɗe ɓangaren kalca, wato inda ake shuka ƙwayar cuta a raine ta, a lab ɗinmu, kuma ga wani dila ya zo ya nuna mana hoton inji a waya wai kati kawai zaka saka ya faɗa maka sunan ƙwayar cutar har da maganinta, toh mu saya ne ko mu tsaya a gwajin hannu irin wanda aka koya mana a makaranta? Nace masa wannan ba maganar waya bace, kati zai ƙare bamu gama ba, bari in rubuta maka, in yaso duk mai irin tambayar shima ya karanta.

Kafin ma a zo kan zaɓi, me yasa sunan ƙwayar yake da muhimmanci, tunda wasu cewa suke ai sansitibiti, wato gwajin maganin da zai kashe ƙwayar, likita yake so, a jera diskin magani kawai a ga wanda ya ci. Matsalar ita ce sunan shi ke faɗa maka diskin da zaka saka da yadda zaka karanta shi. Klebsiella tun asalinta ampicillin baya mata komai. Proteus baya jin nitrofurantoin, alhali shi ne maganin da ake yawan rubutawa mai ciwon fitsari. Enterococcus duk dangin ceftriaxone basa taɓa shi, Pseudomonas kuma septrin da augmentin a wajensa kamar ruwan famfo ne. Teburin CLSI ko na EUCAST, hukumomin da ke tsara ƙa'idar gwajin, da muke auna milimitar filin da ya buɗe kewaye da diski dashi, kowane rukunin ƙwaya da nasa shafin, in baka san sunan ba da wane shafi zaka karanta? Sannan ga abinda yafi damuna, takardun nan da ake rabawa mata bayan suwab, kusan kowacce an rubuta Staph aureus ya fito da yawa, matar ta fito hankali a tashe ta faɗa hannun masu lasifika a bakin kasuwa masu maganin sanyi. Na taɓa aiki a wani wuri da babu filasma ko ɗigo a firji, alhali da ita ake tabbatar da aureus, kuma kullum ana fitar da sakamakon Staph aureus. Da me aka tabbatar? Da ido. An ga koloni, wato tarin ƙwayar da ta tsiro a filet, fari-fari an rubuta. Alhali fatar kowannenmu cike take da wasu Staph ɗin da ba aureus ba, kama da wane kuma ai bata wane.

Duk hanyar da ka zaɓa cikin huɗun nan akwai abu biyu da baka tsallake su: koloni guda tsaftatacce wanda bai cakuɗu da wani ba, da kuma rinin Gram. Rinin nan tun 1884 wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito dashi, kuma har yau injin miliyoyi ma sai ka yi Gram kafin ka san katin da zaka saka masa. Shunayya ko ja, ƙwallo ko sanda, a cure kamar nonon inabi ko a jere kamar carbi. Wanda hannunsa bai faɗa a Gram ba, yana barin asiton ya daɗe har mai shunayya ta koma ja, toh ko me ka saya masa ɓata zai yi.

Mu fara da gwajin hannu, nan zan fi daɗewa don nan ne yawancinmu za mu rayu.

In Gram ya nuna ƙwallaye masu shunayya, aikin gajere ne. Ka ɗiga haidurojin feroksaid mai kashi 3 a silaid, ka ɗauko koloni da tsinke ka taɓa, in ya yi kumfa nan take katales ya fito, kana gidan Staph, in shiru kana gidan Strep ko Enterococcus. Sai dai a kula, jan jini shima yana da katales, in ka kankaro agan jini, wato abincin da aka shuka ƙwayar a kai, tare da kolonin zai baka kumfar ƙarya. Kuma feroksaid ɗin nan yana mutuwa a zafinmu, kwalbar da ta kwana wata uku a kan benci kusa da taga ruwa ce kawai, shi yasa kowace safiya ake fara gwada ta da Staph da aka sani. Daga nan sai kowagules, gwajin filasma da ke raba aureus da sauran Staph. Na silaid cikin daƙiƙa 10 zaka ga ya dunƙule, na kwalba kuma a inkubeta ake sawa a duba zuwa awa 4, in bai daskare ba a barshi ya kwana a waje a sake dubawa. Dalilin dubawa a awa 4 shi ne wasu aureus ɗin suna daskarar da filasma sannan su narkar da abinsu, in ka bari sai da safe ka tarar da ruwa ka rubuta babu. Filasmar zomo ita ce ta ƙa'ida, da yawa a nan ta mutum suke amfani da ita don ita ke kusa, tana yi, amma in mai jinin yana shan maganin kashe ƙwayoyi ko yana da garkuwa ga Staph sai ta baka amsar da ba haka ba, don haka duk sabuwar da ka ɗebo ka gwada ta tukuna. In kowagules bai fito ba kuma fitsarin budurwa ne ko matashiyar mace, kar ka yi saurin cewa datti ne, sa diskin novobiocin, in ƙwayar ta tsiro har jikin diskin Staph saprophyticus ce, kuma ita da gaske tana kawo ciwon mara da zafin fitsari.

Gidan Strep diski biyu ko uku ne ke raba gardama. Koloni mai kore-kore a agan jini, ka sa optochin, in fili ya buɗe milimita 14 ko fiye pneumoniae ce, mai kawo namoniya da sanƙarau. Wanda ya wanke jinin tas ya bar fili garau, bacitracin zai nuna maka pyogenes. Enterococcus kuma yana baƙanta bayil eskulin, yana tsira a ruwan gishiri mai kashi 6.5. Amma duk wannan sai agan jininka na kirki ne, kuma anan ne nake mamakinmu, ana zuwa bankin jini a roƙo ledar da ta ƙare wa'adi a zuba a aga, jinin mutum mai sinadarin hana daskarewa wani lokacin har da ragowar magani a ciki, sai Strep ta ƙi fitowa ko ta fito ba a gane yadda ta fasa jinin. Jinin tunkiya kashi 5 shi ne ƙa'ida. Mu da tumaki ke kwana a ƙofar gidajenmu! Wallahi lab ɗin da ya ajiye tunkiya biyu masu lafiya, ya samu likitan dabbobi yana ɗibar masa jini cikin tsafta, yafi wanda ya sayi sabon inji yana zuba jinin leda.

Sandunan da suka fito ja a Gram su ne masu cin lokaci, kuma su ne rabin aikinka ko fiye tunda fitsari da kashi da ruwan ciwo duk su ne a ciki. Farko oksides: ka goga koloni a takarda mai riyajen, in ta koma shunayya mai duhu cikin daƙiƙa 10 ka fita daga dangin E. coli, ka fara tunanin Pseudomonas, ko Vibrio in lokacin amai da gudawa ne. Da tsinken katako ake yi, wayar lup ta ƙarfe tana iya bada launin ƙarya, kuma ba a ɗauka daga filet ɗin MacConkey ko TCBS masu sukari, sai ka maida ƙwayar kan aga marar sukari. In oksides bai fito ba sai ka jera kwalabenka: TSI ko KIA, sitiret, yuriyes, da SIM ko ruwan fefton don indol da motsi.

TSI ɗin nan ni ina ganin duk wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin bencin. Sukari uku ne a ciki, gulukos kashi 0.1 kacal, laktos da sukuros kashi 1 kowanne. Ƙwayar da gulukos kawai take ci, cikin sa'o'i kaɗan ta cinye ɗan abinda ke ciki sai ta koma cin furotin a saman gangaren, saman ya koma ja, gindin ya zauna rawaya. Wadda ke cin laktos kuwa abinci ya ishe ta, sama da ƙasa duk rawaya, ga iska ta tsattsaga agan wani lokacin har ta ɗaga shi daga gindin kwalba. E. coli kenan ko Klebsiella, sai indol da sitiret su raba su: E. coli indol ya bada jan zobe sitiret ya zauna kore, Klebsiella pneumoniae babu zobe sitiret ya koma shuɗi, bata motsi, kuma kolonin ta ma in ka taɓa da lup yana biyo ka da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ja a sama rawaya a ƙasa da baƙi ya mamaye, ko Salmonella ko Proteus, yuriyes ne alƙali, Proteus cikin 'yan sa'o'i ya maida shi ruwan hoda, Salmonella ko gezau. Shigella ja da rawaya ne babu baƙi babu motsi, iska ma galibi babu. Ita kuma Salmonella Typhi ta taifot tana da nata salon, babu iska, sitiret baya fitowa, baƙin ma ɗan siriri ne a daidai inda allura ta shiga kamar gashin bakin saurayi, in baka taɓa gani ba zaka wuce shi.

Kuskuren da na taɓa yi da kaina: na shuka TSI ranar Juma'a da yamma, ban dawo ba sai Litinin, na tarar da sama ja ƙasa rawaya daga kashin wani yaro, har na fara murna na kama Shigella. Ogata ta ɗaga kwalbar ta kalli ranar da na rubuta a jiki, tace Malam wannan kwana nawa? Ashe mai cin laktos ce, ta cinye sukarin duka saman ya juye ya koma ja. Tsakanin awa 18 zuwa 24 ake karanta shi, in ka yi gaggawa kowa rawaya ne, in ka makara kowa ja ne. Sai da na sake shukawa, sakamakon ya ƙara kwana.

Toh ribar gwajin hannu a fili take. Gwangwanin garin midiya, wato abincin ƙwayar, mai giram 500 zai daɗe maka, kwalabe ana wankewa a sake, tukunyar furesha ta girki ma tana kai digiri 121 na minti 15 in babu otokilef, kuma ba ka jiran injiniya daga Legas. Yawancin abinda ƙaramin lab ke gani kullum ƙwayoyi ne da basu wuce goma ba, kuma waɗannan kwalaben suna kama su. Aibinsa kuma, yana cin ma'aikaci, yana ƙara kwana ɗaya bayan koloni ya fito, kuma ingancinsa ingancin mai yinsa ne, ranar da gwanin ya tafi hutu ko ya samu aikin gwamnati benci ya mutu. Sannan akwai inda yake tsayawa cak. Citrobacter da Enterobacter da Serratia, ko Acinetobacter da ke addabar ɗakunan masu jinya mai tsanani, da kwalba biyar sai dai ka yi kirdado, shi yasa kake ganin ana rubuta kolifom kawai a wuce.

Wani abu da ba a faɗa a aji: inkubeta dumamawa take yi, bata sanyayawa. A watan Afrilu da Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ɗaki yana haura digiri 40, ka saita ta a 37 amma cikinta yafi haka. Wannan ya shafi duk hanyoyin huɗu, don haka fanka ko AC na ɗakin da ma'aunin zafi a cikin inkubeta suna gaba da komai a lissafi.

Sai filet mai launi, wato midiyar da aka zuba wa sinadaran da ƙwaya ke fasawa ta rina kanta. Wani Bafaranshe, Alain Rambach, shi ya assasa wannan fasahar, kuma wanda aka fi sani wajen fitsari shi ne CHROMagar Orientation, wasu kamfanonin irin su Oxoid da HiMedia suma suna da nasu. Ka shuka yau, gobe da safe ka buɗe: E. coli ja-ja ruwan hoda mai duhu, Enterococcus 'yan ƙanana shuɗi mai haske, Klebsiella da 'yan uwanta shuɗi mai duhu da ƙyalli, Proteus da zobe ruwan ƙasa kewaye dashi. In ka ga mai ruwan hoda ka yi indol na take a takarda ya fito, ka gama, E. coli ce, ka wuce sansitibiti a ranar, ka rage wa mai jinya kwana guda. Tunda E. coli ce kan gaba nesa ba kusa ba a ciwon fitsari, kaga yawancin filet ɗinka a nan zasu ƙare. Inda yafi burge ni ma shi ne cakuɗe, fitsarin da aka kawo a kwalbar da ba ta da tsafta ko ya yini a aljihu, a CLED, midiyar fitsari ta yau da kullum, sai ka ƙura ido kafin ka gane iri nawa ne, a nan kuwa launi uku zaka gani ɓaro-ɓaro ka ce a sake kawo wani.

Amma kar dila ya ruɗe ka yace ya maye gurbin komai. Shuɗin nan mai duhu gida ne guda, Klebsiella da Enterobacter da Serratia da wasu Citrobacter duk a ciki suke, sai ka koma kwalba ka raba su. Staph har yanzu sai ka yi kowagules. Garin yafi CLED tsada sosai, baya son haske, filet ɗin da aka zuba a duhu ake ajiye shi cikin firji. Kuma na fitsari ne da makamantansa, ba zaka ɗauki jinin jariri ko ruwan ƙashin baya ka dogara da launi ba. Ni a ganina ƙari ne a kan gwajin hannu, ba kishiyarsa ba, kuma in fitsari ne mafi yawan aikinka kuɗinsa na fitowa ta wajen kwalaben da baka shuka ba da lokacin ma'aikaci.

API kuma, na kamfanin bioMérieux na Faransa, a taƙaice gwajin hannun ne aka ƙanƙance aka jera a faranti ɗaya. API 20E 'yan ramuka 20 ne kowanne da busasshen sinadari, ka dama koloni ɗaya a ruwa ka cika su da fifet, biyar daga ciki ka rufe da man farafin don kar iska ta shiga, ka zuba ɗan ruwa a tiren ƙasa don danshi, ka rufe ka sa a inkubeta awa 18 zuwa 24. Da safe ka ɗiga riyajen a ramin TDA da indol da VP, ka karanta launuka. Lissafin yana da daɗi: ana raba gwaje-gwajen uku-uku, na farko in ya fito maki 1, na biyu 2, na uku 4, oksides da ka yi a gefe shi ne cikon na 21, sai ka samu lamba mai gida 7. Misali E. coli ta gwajin inganci tana bada 5144552. Ka shigar da lambar a shafinsu na intanet ya baka suna da kashi nawa ya yarda da amsar. Microbact na Oxoid shima haka yake, a faranti mai ramuka, ɗaliban da ke furojet sun fi saninsa.

Abinda API ya fi kwalabenka dashi shi ne gwaji 20 ne maimakon 5, an haɗa su a masana'anta don haka babu zancen yau midiya ta ƙone gobe an manta gyara pH, kuma baya buƙatar wani inji banda inkubetar da kake da ita. Citrobacter ɗin da ta gagare ka zai faɗa maka ita har da jinsinta. Matsalarsa kuɗi da firji. Kwali ɗaya guda 25 ne, ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, riyajen ɗin daban ake saye kuma suna da wa'adi, tun da aka saki naira a 2023 kuwa duk abinda ake shigowa dashi da dala kowa ya san yadda ya koma. Baka san kuma wace irin rana kwalin ya sha a mota kafin ya iso ka ba. Baya rage lokaci, kwana ɗayan nan dai sai ka jira. Sannan 20E na sanduna ja ne kawai, Staph da Strep da su Pseudomonas na gefe kowanne da nasa kwalin, in kace duk zaka ajiye rabi zasu lalace baka buɗe ba. Kuma ido ne ke karantawa, akwai ramin da zai fito tsakanin rawaya da kore ku taru ku uku kuna musu. Wanda ke sa API a kan kowace E. coli ta fitsari kuɗin kawunsa yake ƙonawa. Kwali ɗaya a firji don masu taurin kai, wanda ya fito daga jini, ko wanda kwalabe suka bada amsar da bata haɗu ba, wannan shi ne amfaninsa.

Ko API ɗin yace maka Salmonella, ka sani magana bata ƙare ba sai an yi antisira, wato gwajin ruwan garkuwa, Typhi tana dunƙulewa da O9 da Vi da Hd. Haka Vibrio cholerae, rawayan koloni a TCBS da oksides basu isa ba sai O1 ya tabbatar. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, ganin Corynebacterium a filet wani abu ne, tabbatar da cewa tana fitar da dafi kuma sai gwajin Elek ko PCR a manyan lab na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Irin waɗannan ba naka bane, naka ka gane da wuri, ka adana ƙwayar, ka sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ka tura.

Yanzu injin da dila ya nuna maka. In VITEK 2 ne, shima na bioMérieux, ko kishiyoyinsa Phoenix na BD da MicroScan, gaskiya abu ne mai kyau, ba zan kushe shi ba don na yi aiki dashi kuma na ji daɗi. Ka dama koloni a ruwan gishiri, ka auna kaurinsa ya kai ma'aunin McFarland 0.5, ka haɗa da kati mai ramuka 64, injin ya zuƙe ya liƙe ya riƙa karantawa da kansa, cikin kamar awa 4 zuwa 10 ya baka suna, katin sansitibiti kuma ya baka MIC, wato mafi ƙarancin maganin da ke tsayar da ƙwayar, har ya ja kunnenka in ya ga alamar ESBL ko MRSA, wato ƙwayoyin da suka daina jin wasu manyan magunguna. Ga asibitin da ke da ɗakin jarirai bakwaini da ɗakin kulawa ta musamman, inda kwana ɗaya ke raba rai da mutuwa, wannan ba ƙawa bace. Amma ka tambayi dilan abu huɗu kafin ka kalli farashin injin: nawa ne kati ɗaya, tunda kowace ƙwaya kati biyu take ci, na suna da na magani, wata nawa ya rage wa katin in ya iso, wa zai gyara in ya tsaya kuma daga ina zai taso, sannan in wuta ta ɗauke tsakar dare da kati 20 a ciki me zai faru dasu. Injin nan yana son wuta ba yankewa da ɗaki mai sanyi, sai da inbata da batura ko sola mai ƙarfi. Na shiga lab fiye da ɗaya na ga irinsa an lulluɓe da zani a lungu, ba lalacewa ya yi ba, kati ne ya ƙare aka kasa saye, ma'aikatan kuma sun riga sun manta yadda ake zuba TSI. Kuma in ka bashi koloni biyu a cakuɗe ba zai ce maka a'a ba, wani suna zai ƙaƙalo maka wanda baka taɓa ji ba, in baka da ilimin bencin da zaka ce anya, haka zaka sa hannu ka fitar.

MALDI-TOF kuwa, na Bruker ko VITEK MS, ka shafa koloni a faranti ka ɗiga sinadari, leza ta harba ya auna furotin ɗin ƙwayar ya baka suna cikin mintuna. Kuɗin kowane gwaji kaɗan ne, injin ne da kwangilar kula dashi suke da tsadar da sai babban asibitin koyarwa ko cibiyar bincike. Baya bada sansitibiti, baya iya raba E. coli da Shigella da kyau, Salmonella ma ba zai ce maka Typhi ce ko wata ba. Kaga duk tsadarsa sai an dawo wa indol da antisira. Ka san dashi don jarrabawa da kuma sanin inda zaka tura, amma cire shi daga lissafin kawu.

Toh ga abinda nace wa ƙanen nawa. In kalcar da kuke samu a rana bata wuce goma zuwa sha biyar ba, kuma yawanci fitsari ne da suwab da kashi, ku tsaya a gwajin hannu ku yi shi da kyau, ku ƙara filet mai launi don fitsari in aljihu ya ɗauka, ku ajiye kwalin API 20E ɗaya. Kuɗin injin a karkatar dashi zuwa sola da zata riƙe inkubeta da firji dare da rana, maikiroskof mai kyau, otokilef, diski na kamfanin kirki guda-guda ba mai fuka-fukan nan da aka haɗa magunguna da yawa a jiki ɗaya ba a san ƙarfinsa ba, Mueller-Hinton da ake zubawa kaurin milimita 4, da ƙwayoyin gwajin inganci guda uku, E. coli ATCC 25922 da Staph aureus ATCC 25923 da Pseudomonas ATCC 27853, waɗanda dasu zaka san riyajen ɗinka na raye ko ya mutu. Ku sa diskin cefoxitin a kan duk aureus don kama MRSA. Ku ɗauki masanin lab mai lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da aikin lab a Najeriya, wanda yake son bencin, ku biya shi yadda ba zai gudu ba. In asibiti ne mai gadaje da yawa, ana kalcar jini kullum, akwai wutar da bata yankewa kuma an ware kuɗin kati na shekara a rubuce, toh a sayi VITEK, amma kar a rufe bencin hannu, ranar da kati ya yanke shi zai riƙe ku. Ɗalibi mai furojet kuma, ka tace ƙwayoyinka da kwalabe tukuna, sannan ka sa Microbact ko API a kan waɗanda zaka kafa hujja dasu, kar ka rubuta jinsin da kwalba biyar ba zasu iya tabbatarwa ba, mai jarraba ka na waje zai kama ka.

Ya sake kira na bayan kwana biyu yace kawu ya ɗan ji ba daɗi, shi inji yake so mai allo wanda in baƙi sun zo za a nuna musu. Nace toh ka kai shi ya ga firjin da batura, ka kuma roƙe shi tunkiya biyu daga garkensa, sannan ka turo min hoton TSI ɗinka na farko da ranar da ka shuka a rubuce a jikin kwalbar.